'Yar Guduma da Rumbun Ganye: Tarihin Gidan Padrón

Ranar 8 ga Satumba, 1964, wani ɗan gudun hijira daga Kyuba mai suna José Orlando Padrón ya buɗe ɗan ƙaramin shago a unguwar da 'yan ƙasarsu suka yi wa cincirindo a birnin Miami na Amurka. Jarinsa dala 600 ne, wanda ya tara da yankan ciyawa a gidajen mutane da aikin kafinta. Ma'aikacinsa mutum ɗaya ne tak, yana naɗa kara 200 a yini, ana sayar da kowane kara a kan santi 25. Hajar tasa ita ce tabar naɗi, wato zallar ganyen taba da ake naɗewa da hannu, babu takarda, babu auduga a gindi, abin da ya raba ta da sigarin kwali da muka sani. Shekara 40 bayan wannan rana, a 2004, mujallar Cigar Aficionado ta fara zaɓen tabar naɗin da ta fi kowace a shekara, kuma wadda ta fara ɗaukar kambun ta gidan Padrón ce. Masu ba da wannan labari sun fi son su tsaya a kan tazarar da ke tsakanin dala 600 da wancan kambu, su ce sa'a ce, ko su ce wani sirrin haɗi ne da aka gada daga kakanni. Ni a ganina tarihin ya nuna wani abu daban. Dukiyar da ta ɗauki wannan gida ita ce lokaci: sanin yadda ake jiran ganye ya nuna, da ƙin fitar da shi kasuwa kafin ranarsa, ko da kuɗi na ƙwanƙwasa ƙofa. Gonaki sun salwanta, masana'anta ta ƙone, kasuwa ta rufe, amma duk sa'ad da aka koma aiki da wannan ɗabi'a aka koma.

Taba 'yar asalin nahiyar Amurka ce. A watan Nuwamba na 1492 mutum biyu daga ayarin Kolumbus, Rodrigo de Jerez da Luis de Torres, suka kutsa cikin tsibirin Kyuba suka tarar da mutanen Taino suna naɗa busasshen ganye, su kunna masa wuta, su zuƙi hayaƙinsa. Cikin ƙarni guda da 'yan kai ganyen ya zaga duniya har ya iso Afirka ta Yamma, kuma da sunansa ya iso. Da masarautar Sifen ta ga irin kuɗin da ke ciki, sai a 1717 ta kafa doka cewa manomin Kyuba ba shi da ikon sayar da tabarsa ga kowa sai ga hukuma, a kan farashin da ita ta yanka. Manoman suka yi bore har sau uku tsakanin 1717 da 1723, na ƙarshen ya ƙare da kisan wasu daga cikinsu, kuma ba a soke dokar ba sai 1817. Da yawa daga cikin waɗannan manoma baƙi ne daga Tsibiran Kanari, talakawa masu 'yan ƙananan gonaki da iyali ke nomawa. Noman rake shi ke cin manyan gandaye da ɗaruruwan bayi, ko da yake ita ma taba ba ta kuɓuta daga gumin bayi ba kafin a soke bauta a tsibirin a 1886. Abin da ya bambanta ta shi ne ba ta karɓar aikin gayya. Ganye ɗaya ɗaya ake dubawa, ɗaya ɗaya ake tsinka. Cikin irin waɗannan baƙi ne Dámaso Padrón ya zo a ƙarni na 19 ya zauna a lardin Pinar del Río, inda yankin Vuelta Abajo yake, ƙasar da har gobe ake kafa misali da ganyenta. Iyalin suka yi noma a Las Obas, suka faɗaɗa har garin Piloto, wanda sunansa kamfanin ke ɗauke da shi a rajista har yau. A wannan lardi aka haifi jikansa José Orlando a 1926, ya tashi tsakanin kunyoyin taba da rumfunan shanya.

Juyin juya halin Fidel Castro ya yi nasara a Janairun 1959. A Satumban 1960 gwamnati ta karɓe manyan masana'antun tabar naɗi, gonaki ma suka bi baya, sannan a Fabrairun 1962 Shugaba Kennedy ya rufe ƙofar Amurka ga duk wata hajar Kyuba. Manyan masu sana'ar suka watse. Iyalin Menéndez, masu tabar Montecristo, suka nufi Tsibiran Kanari. Ramón Cifuentes, mai Partagás, gidan da aka kafa tun 1845, ya fita da sunan da duniya ta sani, daga baya sunan ya koma hannun wani babban kamfanin Amurka. Waɗannan sun bar gida da abin sayarwa, domin suna kansa haja ne. Padrón kuwa, da ya fita a 1961 ya bi ta Sifen da New York ya sauka a Miami, ba shi da sunan da wani zai saya. Wani abokinsa mai suna Raúl Fernández, da ke aiki a ofishin kula da 'yan hijirar Kyuba, shi ya ba shi 'yar ƙaramar guduma ya ce ya nemi aikin kafinta. Da ita ya tara jarin nan. Abin da ya fara yi masa suna shi ne wani kara da ake kira fuma, mai murɗaɗɗen kai kamar tukku, irin wanda masu naɗi a Kyuba ke yi wa kansu su sha bayan tashi daga aiki. Da ganyen jihar Connecticut ya yi shi, domin na gida ya haramta. Masu sayensa 'yan uwansa ne 'yan hijira, leburori da direbobi masu tsayawa a tagar shagon kofi, mutanen da suka san taba tun suna yara. Irin waɗannan ba a ruɗinsu da ado. Shekara kusan 30 gidan ya yi yana sayar wa wannan kasuwa mai wuyar sha'ani, kuma a nan ya koyi cewa karan yau dole ya yi daidai da na jiya.

A 1967 aka nuna masa ganye daga kwarin Jalapa na arewacin Nikaragua, ya ga ya fi duk wanda ya taɓa tun fitowarsa kusa da na gida. A 1970 ya kafa masana'anta a garin Estelí. A lokacin gwamnatin Somoza, mai mulkin ƙasar, tana jawo ƙwararrun Kyuba su raya mata noman taba, irin Kyuba kuma ya riga ya tsallaka zuwa Amurka ta Tsakiya a aljihunan masu hijira. Ƙasar arewacin Nikaragua ta dace da shukar. Ta Estelí baƙa ce mai nauyi, ganyenta kauri gare shi da ƙarfi. Ta Jalapa ja ce mai laushi, ganyenta santsi da ƙamshi. Condega tana tsakaninsu a hanya da kuma a hali. A nan mai ja da ni zai ce, to ai ga amsar nan, ƙasa ce ta yi aikin, mutumin dai ya yi dacen samun wata Vuelta Abajo. Gaskiya ne ƙasa tana da nata rabo, kuma duk wanda ya san ganye zai gaya maka na Estelí ba ya ɗanɗanon na Pinar del Río, ko da iri ɗaya aka shuka. Sai dai a Estelí ɗin nan akwai masana'antu da dama da ke ɗibar ganye daga kwari ɗaya, kuma abin da suke fitarwa ya sha bamban kamar dare da rana. Kyuba ita kanta hujja ce. A ƙarshen shekarun 1990, da ta matsa wa masana'antunta su ninka abin da suke fitarwa don neman kuɗin waje, masu saye a Turai suka yi ta ƙorafin karan da ba ya zuƙuwa da ganyen da bai nuna ba. Ƙasar Vuelta Abajo ba ta canja ba a waɗannan shekaru. Gaggawa ce ta shigo, sauri kuwa ya haifi nawa.

Domin a ga inda lokaci yake shiga, sai a bi ganyen daga gona. Irin taba ƙanana ne kamar ƙura. Ana yafa shi a gadon reno, ya yi kamar mako shida, sannan a dasa. Da shukar ta fara fitar da fure sai a tsinke kan, furen nan da matanmu na da ke goga wa haƙora don ado, saboda ƙarfin shukar ya koma ga ganye. Girbi daga ƙasa yake farawa ya yi sama, ganye biyu ko uku a kowane zagaye, a bar kwanaki a dawo. Mata suna ɗinke ganyen bibbiyu da allura da zare, a rataya a kan dogayen sanduna cikin wata doguwar rumfar katako, ana buɗe tagogi ana rufewa gwargwadon iska da raɓa. Cikin mako shida zuwa takwas kore ya koma rawaya, rawaya ya koma ruwan ƙasa. Daga nan sai babban aiki. A ɗaure ganyen dami-dami, a yayyafa masa ruwa, a jera shi tsibi guda mai nauyin fiye da tan, wanda suke kira pilón, a lulluɓe. Nauyi da danshi su haifar da zafi a tsakiya ba tare da wuta ba. Ana cusa ma'aunin zafi cikin tsibin kullum, kuma da zafin ya kai iyakar da aka sa sai a rushe shi gaba ɗaya, a karkaɗe kowane dami, na ciki ya dawo waje, na waje ya koma ciki, a sake ginawa. Wanda ya shiga ɗakin a ranar juyi sai idonsa ya yi ruwa saboda warin da ke tashi, irin warin nan mai hawa kai da mai daddawa ta sani idan ta buɗe kalwar da ta kwana uku a rufe. Wannan wari shi ne ɗacin ganyen da kaifinsa suke fita. Ana iya maimaita juyin watanni, ganye mai kauri ma fiye da shekara. Bayan nan a zare jijiya, a ware ganyen bisa launi da girma, a matse cikin buhuna, a kai rumbu a rufe, a ci gaba da jira.

Kara ɗaya kashi uku ne. A ciki akwai abin da masu sana'ar ke kira tripa, ma'anarsa hanji, wato dogayen ganyaye da ake naɗewa yadda iska za ta ratsa. Sai ganye guda mai ƙwari da ke ɗaure su kamar ɗamara. A waje kuma sai capa, alkyabba ke nan, ganye marar tabo da ake yankawa da wata wuƙa mai lanƙwasa, a miƙar da shi a naɗe a karkace, a liƙe kan da ɗan ƙaro marar ɗanɗano. A Nikaragua mutum biyu ke aikin, galibi namiji ya haɗa hanjin ya sa a matsa, mace ta sa alkyabba. Gwanintar haɗi tana cikin sanin matsayin kowane ganye a jikin shuka. Na ƙasa, volado, ya tashi a inuwar 'yan uwansa, ba shi da ƙarfi amma shi ke cin wuta. Na tsakiya, seco da viso, su ke ɗauke da ƙamshi. Na can sama, ligero, ya sha rana ya yi kauri da maiƙo, shi ne ƙarfin karan, kuma a tsakiya ake sa shi domin a hankali yake ci. In ya yi yawa karan ya riƙa mutuwa yana ƙona maƙogwaro, in ya yi kaɗan ya zama lami. Wahalar ita ce damina ba ta maimaita kanta. Bana ruwa ya yi yawa ganye ya yi sirara, baɗi fari ya sa ya yi kauri, shi kuwa mai saye so yake ya tarar da ɗanɗanon da ya sani. Mai haɗin da ke da girbin shekara ɗaya tak a hannunsa dole ya sayar da abin da damina ta ba shi. Wanda rumbunsa ke ɗauke da girbin shekaru da yawa daga kwari daban-daban shi ke iya ƙara wannan ya rage wancan har ɗanɗanon ya dawo inda yake. Sirrin haɗin da ake ta magana a kai, in aka bi shi har gindi, rumbu ne. Shi ya sa gidan Padrón ya riƙe noma da shanya da ruɓarwa da naɗi a hannunsa, kuma sanannun samfuransa duk da ganyen Nikaragua ake yin su ciki da waje.

Shekarun da suka biyo baya sun gwada wannan ɗabi'a gwaji mai tsanani. A 1978, cikin boren da ya kai ga faɗuwar Somoza a Yulin 1979, aka ƙona masana'antar Estelí. Padrón ya buɗe wata a garin Danlí na Honduras, tsallaken iyaka, ya kuma sake tayar da ta Nikaragua. A ƙarshen 1978 ɗin ya shiga tawagar 'yan hijirar da suka koma Havana suka tattauna da Castro, tattaunawar da ta kai ga sakin fursunonin siyasa fiye da 3,000. Hoton da aka ɗauka yana miƙa wa Castro karan taba ya bazu a Miami. Masu tsattsauran ra'ayi cikin 'yan ƙasarsu suka ɗauke shi maci amana, aka ƙaurace wa hajarsa, aka kai wa ma'aikatarsa ta Miami hari da bam fiye da sau ɗaya. Bai gama farfaɗowa ba sai a watan Mayun 1985 Shugaba Reagan ya sa wa Nikaragua takunkumin ciniki, mutumin da takunkumi ɗaya ya raba da ganyen Kyuba ya wayi gari na biyu ya raba shi da na Nikaragua. Aiki ya koma Honduras har 1990, sa'ad da Violeta Chamorro ta ci zaɓe aka ɗage takunkumin. A lissafa abin da ya ɓace cikin shekara 30: gonakin kakanni, masana'anta, yardar wani ɓangare na masu saye, da hanyar kasuwa. Da gadon gidan ƙasa ce ko gini, da tuni ya ƙare. Abin da ya tsallake kowace wuta shi ne abin da ke kan mutane: hannun da ya san danshin ganye da taɓawa, hancin da ya san ranar da tsibi ya isa juyi, da ma'aikatan Estelí da suka koyi aikin suka koma bakinsa da ƙura ta lafa.

Gwajin da ya fi nuna halin gidan kuwa na wadata ne, domin yunwa kan tilasta wa mutum haƙuri, amma ƙoshi shi ke fallasa wanda haƙurin ya zame wa ɗabi'a. A 1992 Marvin Shanken ya fara buga Cigar Aficionado, tabar naɗi ta zama abin yayi tsakanin masu kuɗin Amurka. Abin da ƙasar ke shigowa da shi na naɗin hannu ya tashi daga kusan kara miliyan 100 a shekara zuwa sama da miliyan 400 a 1997. Sababbin sunaye suka cika kasuwa, mutanen da ba su taɓa ganin rumfar shanya ba suka buɗe masana'antu, ana sayen ɗanyen ganye ana naɗewa ana sa masa zoben takarda mai ruwan zinariya. A tsakiyar wannan rububi, a 1994, gidan ya cika shekara 30 ya fitar da samfurin 1964 Anniversary Series, wanda ganyensa sai ya shekara 4 a ajiye, an kuma matse shi ya yi kusurwa huɗu irin yadda tsofaffin karan Kyuba ke fitowa daga akwati. Duk wanda ya ɗaure kansa da shekara 4 ya yarda ke nan cewa abin da zai sayar bana an yanke yawansa tun shekara 4 da suka wuce, kuma ba kuɗin da zai ƙara shi. Karan ya yi wuyar samu har masu jabu suka shiga kwaikwayonsa, gidan ya koma buga wa kowane kara lambarsa a zobe na biyu. A 1998 kasuwar ta faɗi, akasarin sababbin sunayen suka ɓace, kuma a Oktoban shekarar guguwar Mitch ta share gonaki da gadoji a arewacin Nikaragua. Mai rumbu ne kaɗai ke iya tsallake irin wannan shekara. Gidan bai sassauta ba, ƙara tsawaita jiran ya yi: Serie 1926 a 2002 da ganyen shekara 5, sannan Family Reserve da ganyen shekara 10, wanda hoton 'yar gudumar nan ke jikin zobensa. Ko samfurinsu na yau da kullum sai ganyensa ya yi shekara biyu da rabi. A auna abin da wannan ke nufi ga ɗan kasuwa: kuɗi ne kwance shekara 10, ƙwaro na iya huda shi, fumfuna na iya cinye shi, gobara na iya lashe shi a dare ɗaya.

Masu ɗanɗana wannan taba sukan ambaci koko da gasasshen kofi, da ɗan yaji kamar na masoro a farkon kunnawa, da zaƙi-zaƙin soyayyar gyaɗa, da wani ƙamshi mai kama da na ƙasa bayan ruwan farko. Yawancin samfuran sukan zo da alkyabba iri biyu, mai haske da mai duhu da ake kira maduro, wadda ta fi daɗewa a tsibi ta fi zaƙi. Ba a zuba koko ko kofi a ciki. Sunaye ne da harshe ke arowa don ya kama abin da ruɓarwa da ajiya suka yi wa ganye. Mai shakka zai ce duk wannan zaƙin bakin talla ne, labarin guduma ma an goge shi ne don a sayar da kara da tsada, kuma mujallar da ke ba da kambu da tallar masu taba take rayuwa. Akwai gaskiya a nan, domin ba a buga hoton guduma a zobe don mantuwa, kuma kalmomin ɗanɗano sukan wuce gona da iri. Amma masu gwajin mujallar cire zoben suke yi kafin su kunna, ba su san na wane gida ke hannunsu ba, kuma a haka, zuwa 2021, gidan ya ɗauki kambun shekara sau huɗu, a 2004 da 2007 da 2009 da 2021. Shekara 17 ke tsakanin na farko da na huɗu, damuna daban, masu naɗi daban, har mai gidan ya riga ya rasu kafin na huɗun. Talla tana iya sa mutum ya sayi kara na farko. Ba ta iya riƙe ɗanɗano wuri ɗaya tsawon wannan zamani.

Wani zai ce gidan da ke fitar da miliyoyin kara a shekara ya wuce a kira shi ƙarami. In da ƙidaya ake aunawa, haka ne. Amma ma'aunin da ya fi dacewa shi ne wanda ke da ikon cewa a dakata. Manyan sunaye da yawa na wannan sana'a sun koma hannun kamfanonin da masu hannun jari ke jiran ribarsu duk wata uku, kuma da wuya mai irin wannan jira ya yarda kuɗinsa ya kwanta shekara 10 a buhu. Gidan Padrón yana hannun iyali har yau, Jorge ɗan José Orlando ne ke jagoranci, 'yan uwa da jikoki na cikin aikin. Sai dai adalci ya wajabta a faɗi cewa haƙurin da ake yabo ba na iyalin kaɗai ba ne. Matar da ke ɗinke ganye a rumfa, da saurayin da ke juya tsibi idonsa na zubar da ruwa, da mai tsinkar jiƙaƙƙen ganye da safe wanda nikotin ke ratsa fatarsa har ya sa shi jiri da amai, su ma sun zuba shekarunsu a ciki. Nikaragua na cikin ƙasashen da suka fi talauci a nahiyar, ko da yake yau ita ce kan gaba wajen sayar wa Amurka tabar naɗin hannu, kuma kuɗin kara ɗaya na samfuri mai tsada a kantin New York na iya zarce abin da lebura ke samu a yini a can. Sana'ar ta raya Estelí, ta ba dubban iyalai abin yi. Duk da haka tarihin da ya ambaci mai guduma ya manta da masu allura da zare bai cika ba.

Akwai ƙorafin da ya fi duk waɗannan nauyi, kuma ba ni da amsar da za ta kawar da shi, domin gaskiya ne. Duk wannan gwaninta a kan guba aka yi ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba tana kashe sama da mutum miliyan 7 a kowace shekara. Babban kara ɗaya na iya ɗaukar taba kwatankwacin ta kwalin sigari guda, kuma ko da mai sha bai haɗiye hayaƙin ba, bincike ya tabbatar da alaƙarsa da sankarar baki da maƙogwaro da maƙoshi da huhu. Shekara 10 a rumbu tana cire ɗaci da kaifi, ba ta cire nikotin, ba ta cire abin da ke haddasa ciwon. Hasali ma laushin da ajiya ke kawowa shi ke sa cutar ta shiga da daɗi, zuma ce ga zaƙi ga harbi. Malaman Musulunci sun daɗe suna muhawara a kan taba tun shigowarta. Ahmad Baba na Timbuktu yana cikin waɗanda suka halatta ta a farkon ƙarni na 17, lokacin da ba a san illarta ba, amma da hujjar likitoci ta bayyana sai fatawar mafi yawan malaman wannan zamani ta karkata ga haramci. Don haka wanda ya karanta wannan tarihi ya ji sha'awar kunna kara bai fahimce ni ba. Ana iya nazarin yadda maƙeri ya ƙware a ƙirar takobi ba tare da an yi fatan a sari kowa ba.

José Orlando Padrón ya rasu ranar 5 ga Disamba, 2017, yana da shekara 91. Shekara biyu kafin nan gidan ya fitar da wani samfuri mai sauƙin ƙarfi ya sa masa sunan Dámaso, kakan nan da ya taso daga Tsibiran Kanari. Abin da ya ratsa daga wancan baƙon manomi zuwa jikokin jikansa ya isa ya tsaya wa duk mai sana'ar da lokaci ke cikinta a rai, majemi ne ko marini ko mai daddawa, musamman a zamanin da kasuwa ke matsa wa kowa ya gajarta kwanakin aikinsa ya cike giɓin da launi da kwali. Wanda ya rage wa fata kwanakin jima ya ci ribar mako guda, ya sayar da sunan da ubansa ya shekara 40 yana ginawa. Takaicina shi ne wannan darasi ya fito daga hajar da ke cutar da masu sayenta, alhali masu sana'o'in da ke amfanar mutane sun fi cancantar riƙe shi. A rumbunan Estelí yau akwai buhunan ganyen da aka girbe tun tsohon yana raye, an rubuta musu shekara da sunan gona, ba a taɓa su ba. Ya biya kuɗin nomansu yana sane da cewa ba shi zai ga ranar buɗe su ba.